Sunan da Muka Cire daga Littafi

Duk shekara, da zarar sababbin ɗalibai sun sauka Alƙahira sun gane cewa kuɗin tallafin karatu ba ya kai su ƙarshen wata, sai a turo mini su. Su hawo bene suna haki har ɗakina a unguwar Hada'iƙul Ma'adi, su zauna a kan tabarma, babban cikinsu ya ce, "Malam Nasiru, an ce kana aikin fassara. Mu ma muna jin Turanci, muna jin Larabci. A samo mana." Wani har ya ɗaga wayarsa ya nuna mini ita ma tana fassara, kafin mutum ya ƙifta ido. Ni ba gwanin magana ba ne. Shayi nake zuba musu in ce Allah ya kawo. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku, ƙannena, abin da bakina ba ya iya faɗa in kuna gabana.

Da farko dai ni ba mafassari ba ne, mai bita ne, wanda Misirawa ke ce wa muraji'i. Wani ya fassara littafi daga Turanci zuwa Larabci, ni kuma in ajiye na asali a hagu, fassara a dama, in bi su layi bayan layi in ga ko wani abu ya faɗi a hanya. Sunana ba ya fita a bango. In aiki ya yi kyau a yabi mafassari, in ya ɓaci a nemi mai bita. Daga Gusau na zo karatun nahawu da balaga, kuma har yau rajistata ta ɗalibi ba ta rufe ba. Tsararrakina da muka sauka jirgi tare wasunsu yanzu 'ya'yansu ne ke hawo mini bene.

Gidan buga littattafan da nake wa aiki ɗaki biyu ne da zaure a wani lungu bayan kasuwar Ataba, tsakanin mai sayar da wayoyin lantarki da mai buga katin biki. Mai gidan, Ustaz Magdi, mutum ne mai jiki da murya, wanda in yana gaishe ka sai ka ɗauka faɗa yake yi. Littattafan Ostiraliya kaɗai muke fitarwa: labarai, waƙoƙi, da rubuce-rubucen masu nazari. Ƙanensa ne ya yi ƙaura can tun da daɗewa, yana aiko masa da kwalayen littattafai. Yakan ce, "Manyan gidaje sun kwashe Faransa da Ingila da Rasha. Ni Allah ya bar mini ƙarshen duniya, kuma babu mai yi mini takara a can."

Ranar da na fara zuwa, wata takarda na kai a buga mini a shagon maƙwabcinsa. Ustaz Magdi ya ji ina karanta wani kwali da Turanci a hankali, sai ya kama hannuna ya ja ni ciki kamar ya kama ɓarawo. Ya tsayar da ni gaban wata dattijuwa mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya, ya ce, "Ustaza Samiha, ga shi na samo miki. Shehi ne, ba ya magana, ba ya shan taba." Ita ce babbar mafassarar gidan, kuma a hannunta na koyi komai.

Aikin farko da ta ba ni shafi ɗaya ne daga labarin wasu makiyaya a shekarar fari. A ciki marubucin ya ce watan Disamba ne, iska ta taso daga arewa, mutanen gidan suka rufe tagogi suna addu'a kada daji ya kama wuta. Na karanta, na sake karantawa, na ce mata da ƙaramar murya ina ganin an yi kuskure a bugun asali, domin Disamba sanyi ake yi, iskar arewa kuwa ita ce wadda kowa a Masar ke neman gida mai fuskantarta saboda daɗinta. Ta miƙa hannu kan kabad ta sauko da ƙwallon taswirar duniya irin na 'yan makaranta, ta kifa shi, ƙasa ta koma sama, ta ajiye a gabana.

"Ya ibni, ɗana, daga yau a nan kake zaune," in ji ta. "Arewarsu ita ce wuta, kudunsu ƙanƙara. In marubuci ya ba ka mamaki, kai ne baƙo, ba shi ba."

Kayan aikina ba su da yawa. Rula ta ƙarfe guda biyu, ɗaya kan kowane shafi, don ido kada ya tsallake layi, domin ido maƙaryaci ne, abin da yake tsammani shi yake gani. Fensir, ba biro ba. Ustaza ta ce wanda ya gyara aikin wani da jan biro ya riga ya yanke hukunci kafin a saurari mai laifi. Ƙamus biyu. Littafin tsuntsaye da na itatuwa masu hotuna, saboda marubutan ƙasar nan ba sa iya shafi uku ba su ambaci wata bishiya ko wani tsuntsu ba, kuma kowanne da aikin da yake yi a labarin. Akwai itacen da ke cika littattafansu, na daɗe ina wahala da shi, sai ranar da Ustaza ta sa ni a motar haya har bakin wata magudanar ruwa a bayan gari, ta tsinko ganye ta murje ta kai mini hanci. Ashe itacen turare ne, irin wanda aka jera a bakin titin makarantarmu ta sakandare. Misirawa kafur suke ce masa. Tun daga ranar, in na zo wurin da mutum ya tsaya ƙarƙashinsa bayan ruwan sama, na san abin da yake shaƙa, na kuma san ko Larabcin ya kawo ƙamshin ko ya baro shi.

Waƙa ta fi labari wuya, wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne rubutun masu nazari ya fi duka cin rai. Mutanen nan suna da wata doguwar gardama a tsakaninsu a kan wa ke da ikon ba da labarin wa: jikokin Turawan da suka zo da jiragen ruwa, ko 'yan asalin ƙasar da aka tarar, ko waɗanda suka zo jiya daga Labanan da Sudan da Biyetnam. Mai nazari zai yi wa ɗan'uwansa habaici a rabin jimla, cikin ladabi, in ba ka san rigimar ba sai ka mayar da zagin ya zama yabo. Dole ka karanta littafi uku kafin ka iya duba guda.

Masu sayen kayanmu ma sai ka san su. Akwai malaman jami'a, akwai ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin digiri wanda wani bai riga su ba, su shigo suna tambaya, "Wanne ne ya fi gajarta?" Akwai kuma wani tsoho mai ɗinkin labule da ke zuwa duk sanda muka fitar da sabo. Ɗansa yana can, ya yi aure can, ba ya yawan kira. Tsohon yakan ce, "Ba labarin nake bi ba. So nake in san irin titin da yake takawa." Saboda irinsa ne ba na barin ko sunan ciyawa ya wuce ban duba ba.

Mutum na ƙarshe da ya kamata ku sani shi ne Baba Idrisu, mai ɗinkin littafi, wanda ke zaure da allurarsa da zarensa da tukunyar gam. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Kano da ƙafa za su hajji, suka tsaya a bakin kogi suka yi gari. Yana zaune a unguwar Arba'a wa Nus. Hausarsa ta tsofaffi ce, cakuɗe da Larabcin Sudan, har yakan yi mini dariya in na ce fensir. Ranar da muka haɗu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan wane gida ne, ya zol?" Zol mutum ke nan a Larabcin Sudan. Da na amsa da Hausa sai ya ajiye allura, ya raba gurasarsa biyu.

To, ga shekarar wahala. Fam, kuɗin Masar, ya faɗi, takarda kuwa daga waje ake kawo ta, sai ta zama kamar zinariya. Mai katin biki ya rufe shago ya koma tuƙin tuk-tuk, wato a-daidaita-sahun nan garin. Ustaz Magdi ya tara mu ya ce littafi ɗaya tak za mu iya fitarwa a baje kolin littattafan da ake yi lokacin sanyi, kuma in bai karɓu ba, khalas, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Littafin da aka zaɓa diwani ne, wato tarin waƙoƙi, na wata dattijuwa 'yar asalin ƙasar, daga can arewacinsu mai jan yashi. Ustaza ta daɗe tana fassara shi. Ni kuma, don in ji inda take numfasawa a baiti, na yi ta sauraron muryarta da aka naɗa har kunnena ya saba da irin Turancin mutanenta, wanda ba irin na littafi ba ne.

An gama buga ciki, saura bango, sai saƙo ya zo cewa ta rasu.

Ustaz Magdi ya yi salati, ya zauna, ya tashi. Sannan ya yi abin da kowane Bamisire mai mutunci zai yi. Ya kira mai zane ya ce a canza bango: a ƙara girman hotonta ya cika fuskar littafin, a sa baƙin ƙyalle a kusurwa, a rubuta sunanta da ruwan zinariya, manyan baƙaƙe. Kun ga yadda ake yi a nan in babban mutum ya rasu, a kafa rumfa a tare titi, a rataya hoto, a sa lasifika. Gwargwadon yadda aka ɗaga sunanka, gwargwadon darajarka. Dukanmu muka ce ya yi. Ragowar kwali mai kyau da ke gidan aka zuba a wannan bango. Baba Idrisu ya ɗinke, ya manna, kwalaye suka cika zaure. Ustaz ya ɗauki hoton littafin a waya, na rubuta masa ta'aziyya da Turanci, ya aika wa danginta yana share ido.

Amsa ta zo a gajarce. 'Yar ƙanen marigayiyar, wadda ke kula da al'amuranta, tana so a yi magana fuska da fuska ta waya.

Da safe aka kira, can yamma ta yi. Ustaza ta ce Turancinta na ido ne ba na kunne ba, don haka ni aka tura tsakiya. Matar tana zaune a waje ƙarƙashin rumfar kwano, bayanta wasu mata tsofaffi a ƙasa sun juya wa wayar baya. Ta gode da ta'aziyya. Sannan ta ce, a al'adarsu, in mutum ya rasu ba a kiran sunansa, ba a rubuta shi, ba a kallon hotonsa, sai lokacin da dangi suka ga ya yi, ko shekara ko shekaru. Kiran sunan yana hana mamaci tafiya, yana kuma tayar wa masu rai da ciwo. Ta ce ita ta buɗe hoton da muka aiko, kuma ta yi sa'a tsofaffin ba sa kusa. Tana roƙo kada littafin ya fita a haka.

Na mayar wa Ustaz Magdi da Larabci, ban rage komai ba. Wannan ma yana cikin sana'a: ba a sassauta wa mutum maganar da aka ba ka ka kai masa. Zomo kuwa ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ni ya juyo wa.

"Me kake faɗa, ya Shehi? In cire sunanta? Ni girmama ta na yi! Zinariya na sa! Ka gaya mata kwalin nan shi ne na ƙarshe a gidan nan. Ka gaya mata yarjejeniya tana hannuna, babu inda aka ce in ta mutu a ɓoye ta!"

Na gaya mata, har da maganar yarjejeniya. Ta ce gaskiya ne, ba ta da ikon hana mu, kuma Masar da nisa, watakila babu nasu da zai taɓa gani. Roƙo ne kawai. Aka kashe waya.

Ustaz ya yi ta zagaye ɗaki. "Wannan wace irin ƙauna ce? Mutum ya mutu a goge shi kamar bai zo duniya ba?"

Baba Idrisu yana bakin ƙofa da goron da yake samowa ban san daga ina ba. Ya ce, "Ya Ustaz, tambayi wannan sunan yayansa, ɗan farin uwarsu. Sannan ka tambaye shi ko ya taɓa ji daga bakinta."

Ustaz ya dube ni. Na ce ban taɓa ji ba. Innarmu "wancan" take ce masa, ko "mai sunan malam". Ko a asibiti aka tambaye ta, sai ta waiwayi wani ya faɗa.

"Ba ta son shi ne?"

"Shi ta fi so," in ji Baba Idrisu. "Kakata ma har ta koma ga Allah ba ta kira sunan mijinta ba. Ku in kuna son abu sai ku hau soro ku yi shela. Mu sai mu rufe baki. Ga alama mutanen nan danginmu ne."

"Ku ma?" Ustaz ya zauna daɓas a kan kwali. "Ya Rabbi, ka kewaye ni da masu shiru." Ya daɗe yana kallon bangon da ke hannunsa, ya shafa zinariyar da babban yatsa. Sannan ya ce, "Matar nan ta ba ni waƙoƙinta tana raye ba ta taɓa ganina ba. Ba zan sa 'yan'uwanta kuka don in sayar da takarda ba. Yalla. Idris, za a iya ɓare shi ba a kashe littafin ba?"

"In an bar ni da wuƙata, ba a tsaya mini a ka ba."

Nan aikina ya dawo sabo. Sai da na bi littafin daga farko har ƙarshe da rula, ba ina neman kuskure ba, ina neman suna. Yana bango, yana ƙashin bayan littafi, yana shafin farko, ya cika gabatarwar da Ustaza ta rubuta. Waɗannan da sauƙi, domin duk suna cikin damin shafukan farko, wanda ake ce wa malzama, ana iya zare shi a ɗinka wani. Saman shafuka sunan diwanin aka sa, Allah ya taimake mu. Sai a tsakiyar littafi na iske shi inda ba na fata. Waƙa ce ta yarinta: uwa tana tsaye a ƙetaren busasshen kogi da magariba tana kiran 'yarta ta dawo gida, ta kira sau ɗaya, ta sake, ta sake. Sunan marubuciyar ne take kira. Waƙar duka a kan kiran nan aka gina ta.

Da na nuna wa Ustaza sai ta cire tabarau. "La'. Wannan kam a'a. Bango na Magdi ne, ya yi yadda ya ga dama. Waƙa tata ce. Ita ta sa sunan da hannunta. Na yi shekara ina neman yadda zai zauna a baitin Larabci, yanzu ka ce in huda ta?"

Ban iya gardama da ita ba, ban taɓa ba. Na ce a tambayi masu abu. Aka sake kira. 'Yar ƙanen ta juya ta yi magana da tsofaffin da harshensu, suka daɗe, ɗaya tana ta zana wani abu a ƙasa da tsinke. Sannan ta dawo ta ce kada a cire waƙar, kada kuma a sa wani suna. A bar wurin fili. Su sun san abin da ke wurin. A bango kuwa a rubuta abin da su ke ce mata yanzu: Gwaggonmu.

Ustaza ta ɗauki fensir ɗina, ta auna faɗin sunan a kan baiti, ta ce wa mai tsara shafi, "Daidai wannan. Kada ka matse filin. Numfashi ɗaya ne da rabi."

Ƙannena, wanda bai ga ana ɓare littafi ba bai san darajar gam ba. Baba Idrisu yana ɗumama ƙashin bayan da tsohon dutsen guga, ya zura wuƙa siririya, bango ya rabu kamar ɓawon rogo. Ni in zare malzamar farko, in yanke ganyen waƙar in bar ɗan gefe kamar faɗin farce, a manna sabon ganye a kansa. Ustaza, da ciwon gwiwarta, tana naɗe sababbin shafuka da ƙashin naɗi. Ustaz Magdi ya shiga Ataba ya dawo da kwalin da ake yin akwatin takalmi da shi, mai launin ƙasa, shi kaɗai aljihunsa ya iya. Aka buga masa baƙin rubutu kawai, babu hoto, babu ado. Yatsunmu duk suka tsage. Tsohon nan mai labule ya leƙo ya ga halin da ake ciki, bai tambayi kowa ba ya ja kujera ya karɓi allura. Ashe ɗinki duk ɗinki ne. Muna cin ful, dafaffen waken Misirawa, da gurasa a tsaye, Ustaz yana zagin fam, yana zagin gam, yana zagin ƙanensa da ya fara aiko da kwalaye.

Mun kai baje koli gam bai gama bushewa ba. Teburinmu yana can ƙurya kusa da masu sayar da shayi. Mutane su ɗauki littafin su juya shi, su ce, "Gwaggon wa? Ina sunan mai shi?" Ustaz Magdi, wanda bai taɓa riƙe sirri ya kwana ba, ya ce, "Mutanenta suna makoki, sun roƙe mu. Karanta shafin farko, an yi bayani." Wani mai nazari da ke rubutu a jarida ya matsa masa, ya ce shi dai a raɗa masa a kunne. Ustaz ya ce, "Wallahi ko matata ban gaya wa ba, kuma ita ta fi ka iya tambaya."

Aka ba Ustaza ɗan lokaci ta yi karatu a wani ƙaramin zaure. Ta zaɓi waƙar kogin. Da ta zo wurin kiran sai ta ɗaga kai ta yi shiru, numfashi ɗaya da rabi, ta ci gaba. Karo na farko wani daga baya ya ɗauka ta ɓata layi, ya ce, "Ci gaba, ya Ustaza." Karo na biyu babu wanda ya yi tari. Karo na uku na ga wata mata a layin gaba leɓɓanta suna motsi, tana sa nata sunan a wurin, ban san ko na wa ba.

Ba zan ce muku mun yi arziki ba. Littafin ya tafi a hankali, baki ya gaya wa baki, har kwalaye suka ragu yadda Ustaz ya iya sayen takardar littafi na gaba. Gidan bai rufe ba, ga shi har yau ina hawa jirgin ƙasa na metro zuwa Ataba kowace safiya. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen nan uku da suka koya mini aiki ba su taɓa ce mini ga darasi ba.

Saura tsofaffin bangaye. Suna jibge a bayan zaure cikin buhuna, fuskarta a kan kowanne. Mai sayen tsofaffin takardu ya zo da kekensa, ya ɗaga buhu ya ji nauyi, ya yi tayi mai kyau, kuma a lokacin ko kuɗin wuta ba a biya ba. Amma duk wanda ya zauna a garin nan ya san inda irin takardar ke ƙarewa: a naɗe ta a zuba ta'amiyya, ƙosan Misirawa, ko gyaɗa, a ci a yar a titi. Ustaz ya ce masa, "Ma'alish, yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne." Ya sa na tambayi 'yar ƙanen yadda suke so a yi. Ta ce kada a ƙona. A sa a ƙasa, in da hali inda yashi yake.

Ranar Juma'a da hantsi muka ɗora buhunan a tsohuwar motar Ustaz, muka bi ta Arba'a wa Nus muka ɗauki Baba Idrisu da shebur biyu da ya aro, muka miƙa gabas har gine-gine suka ƙare. Ustaza ta zauna a mota da ƙofa a buɗe saboda gwiwa. Ni da Baba muka haƙa rami mai zurfi yadda karnuka ba za su tona ba. Baba ya jera bangayen fuska a ƙasa, kamar yadda ake yi wa tsohon allo da takardun karatu a gida, muka mayar da yashi.

Ustaz Magdi ya tsaya a bakin wurin, ya gyara rigarsa, ya share maƙogwaro. Mutum ne da bai taɓa barin jana'iza ba jawabi ba. Ya juyo ya ce, "Idris, ita ba addininmu ɗaya ba, sunanta kuma an hana. To me ake cewa?"

Baba Idrisu ya kakkaɓe hannuwansa.

"Ba a cewa komai, ya Ustaz. Abin da suka roƙa ke nan."

Muka tsaya a haka, mu uku, har Ustaza ta ce daga mota rana ta yi, a zo a tafi kada masallaci ya wuce mu.